Safara'u da Ƙurar da Ba Ta Sa Tari

Safara'u taubashiyata ce. Uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara take ce mini bawanta, ni kuma nake ce mata Sarauniyar Ƙaiƙayi. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ji ina tsokanarta ya ce ba ni da ta ido. Hakkina ne, gadonsa na yi. Ni sunana Khalilu, faci nake yi a bakin hanyar da ta fita daga ƙauyenmu zuwa Dawanau, kuma duk wanda ya shiga mota a garin nan sai ya wuce ta gabana.

'Yar gajera ce, siririya, ga saurin tafiya kamar an aike ta ɗebo wuta. Sana'arta bakace. Shekara talatin da wani abu ke nan kullum da sassafe tana hawa a-kori-kura tare da sauran mata, faifanta a hammata, su tafi kasuwar Dawanau su gyara wa 'yan kasuwa riɗi da gero da wake. Da yamma ta dawo fari fat tun daga gira har yatsun ƙafa. Yanzu injinan gyaran hatsi sun yi yawa a kasuwar, amma har gobe akwai Alhazan da ba sa yarda a ɗinke buhu sai kayan sun bi ta hannun Safara'u.

Abin da ya sa kuwa, tana da wata hanya tata ita kaɗai. Sauran mata cilla hatsi suke yi sama su tare, ita ma tana yin haka don fitar da ƙaiƙayi. Amma in aka zo kan tsakuwa, sai ta baza hatsin ya yi sirara a kan faifai, ta riƙa juya shi a hankali har ya kama zagaye. Tsakuwa ta fi ƙwaya nauyi, ba ta bin sahu da sauri, sai hatsin ya riƙa rabewa yana wuce ta, wata 'yar siririyar hanya ta buɗe a cikinsa. Safara'u ba ta neman tsakuwar da ido, don sau da yawa launinsu ɗaya da riɗin. Hanyar take kallo. Da ta gan ta sai ta kai yatsa biyu ta ciro, ta jefar ta bayan kafaɗa ko dubawa ba ta yi.

Na taɓa gwada ta. Na auno gero daga rumbuna, na zaɓo tsakuwa uku masu kalar geron na zuba a ciki, na kai mata na ce ta gyara wa iyalina. Ina tsaye ta juya faifai sau biyar ko shida, ta jera mini tsakuwa huɗu a tafin hannu.

"Ukun nan naka ne, na ga sai zare ido kake yi," in ji ta. "Ta huɗun kuwa ta gonarka ce. Malalacin bawa, ko shara ba ka yi wa masussuka."

Sai dai sana'ar nan ba ta bar ta haka kawai ba. Ta ba ta tari. A garinmu ba ma bukatar agogo mu san motar Dawanau ta dawo, tarin Safara'u ne yake riga ta shigowa. Tana da wani tsohon ɗankwali shuɗi da take ɗaurewa a hanci in za ta fara aiki, ya koɗe har ana ganin rana ta cikinsa, amma ba ta yarda ta canza shi. Mahaifiyarta, Inna Zulaihatu, ita ma bakacen ta yi, ita ma ciwon ƙirji ne ajalinta. Shi ya sa ranar da Safara'u ta ga 'yarta Muhsina, tana da shekara bakwai, ta ɗauki faifai tana kwaikwayonta, sai ta kaɓe shi daga hannunta har ya gangara bakin zaure. Ina wurin. Ta ce, "Wannan ba za ta sha ƙura ba, in dai ina numfashi."

Muhsina ce 'yar farinta, kuma Safara'u irin matan nan ne da suka riƙe alkunya da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. "Waccan" take ce mata. Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta tambayarta kai tsaye. In tana son sanin ko ta ci abinci, sai ta tambayi bango da ƙarfi yadda za ta ji. Bayan rasuwar Malam Iliyasu, mijinta, ni na zama bangon.

Yarinyar kuwa Allah ya ba ta kai. Ta gama firamare da sakandare, ta shiga jami'a a Kano ta karanta fiziks, ta sake yin digiri na biyu, ta auri wani malamin makaranta mai sanyin hali, Abdulmumini. Safara'u ba ta san mene ne fiziks ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Abin da ta sani shi ne 'yarta tana dawowa gida da tufafi masu tsabta, girarta baƙa. In matan kasuwa suka tambaye ta aikin 'yarta, sai ta ce, "Oho, wani abu ne dai na ofis," tana ɗaure fuska don kada a ga daɗin da take ji.

A daminar bara, gero ya fara fitar da kai, Muhsina ta zo gida da labari. An ba ta gurbin yin digirin digirgir a wata jami'a a Afirka ta Kudu. Mijinta ya amince, har ya ce zai bi ta daga baya. Jirgi ranar Asabar ta sama. In ba ta je a kan lokaci ba, wani za a ba gurbin. Abu ɗaya ya rage mata, albarkar uwa, kuma ta rantse mini cewa in Inna ba ta sa albarka ba, ko filin jirgi ba za ta taka ba.

Aka kira ni. Muka zauna a tsakar gida, uwa tana kallon gabas, 'ya tana kallon ƙasa, ni a tsakiya.

"Tambaye ta, me za ta karanta a can ɗin da babu shi a Kano?" in ji Safara'u.

Ban ma buɗe baki ba Muhsina ta amsa, muryarta cike da murna. "Ƙura, Inna. Ƙurar da take kewaye taurari."

Safara'u ta ɗaure fuska. Ta tashi, ta kakkaɓe zaninta.

"Gaya mata ban yarda ba."

To, a nan ne na yi nawa laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Da yamma a majalisarmu ta bakin rumfar faci, bakina ya yi mini ƙaiƙayi. Na ce wa mutane, ku ji ikon Allah, an yi shekara ashirin ana boko, an sha tawada an sha alli, ashe duk hanyar komawa kan faifai ake nema. Aka yi ta dariya. Kafin magariba maganar ta shiga kowane gida, washegari maganar ta hau a-kori-kura ta tafi Dawanau. Matan kasuwa suka riƙa yi wa Safara'u barka, wai ta samu magajiya. Kwana uku tana wucewa ta gaban rumfata ba ta ce mini bawa ba. Wallahi ban taɓa sanin zagin nan yana yi mini daɗi ba sai da aka hana ni shi.

Muhsina ta yi iya ƙoƙarinta. Kullum sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakin uwar tana bayani, amma bayanin 'yan jami'a ne, kalma ɗaya Hausa, biyu Turanci. Safara'u tana ciki tana jan carbinta. Ranar Alhamis yarinyar ta zo rumfata idonta ja.

"Kawu, kai ka ƙara ɓata abin nan, kai za ka gyara."

Na ce, "Ni da ban san ko ƙurar taurari ana share ta da tsintsiya ba? Sai dai ki fara koya mini, in ya so in san ta inda zan ɓullo mata."

Ranar Juma'a Safara'u ba ta zuwa kasuwa. Bayan la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, na shiga gidan. Tana ƙarƙashin rumfa tana gyara geron kunu, shuɗin ɗankwalin nan a hancinta. Na yi sallama, ta amsa wa iska. Muka shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da ita, Muhsina ta buɗe kwamfutarta don ta nuna mini. Hoto ne na wani abu zagayayye, jaja-jaja da ruwan ɗorawa a kan baƙin fili, tsakiyarsa da haske, ga zobba a jere, a tsakaninsu kuma wasu siraran layuka masu duhu sun zagaye shi.

Ni dai ban ga komai ba. Ina shirin cewa ya yi kama da wainar da ta ƙone, sai na ji tari a bayan kunnena. Safara'u ce, wai ta zo ɗaukar muciya, alhali muciyar tana can ɗaya gefen. Ta tsaya, ta sauke ɗankwalin daga hanci, ta ƙanƙance ido.

"Faifan wace ce wannan?"

Ni da Muhsina muka dubi juna.

"Khalilu, da kai nake. Wace ƙazamar ce ta juya jar dawa haka, ta tsaya ɗaukar hoto ba ta tsince ba?" Ta sunkuya ta dangwala yatsa a kan gilashin, a kan layin duhu na ciki. "Ga tsakuwa nan." Ta matsa waje. "Ga wata. Wannan ta ukun ma babba ce, dubi yadda ta buɗe hanya. A haka za a kai wa mutane niƙa?"

Na juya zan yi dariya, sai na ga Muhsina ta toshe baki da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta. Ta sauke hannun ta dube ni.

"Kawu, gaya wa Inna ba faifai ba ne. Amma ka gaya mata ta faɗi daidai."

Daga nan Allah ya kwance wa yarinyar harshe, Turancin ya gudu. Ta ce hasken tsakiyar nan wurin tauraro ne sabon haihuwa, irin ranarmu lokacin tana jaririya. Abin da ya kewaye shi ƙura ce da iskar gas, suna juyawa a kansa, kuma faɗin abin ya ninka tazarar da ke tsakaninmu da rana sau da yawa. Launin ma ba nasa ba ne, masana ne suka sa don ido ya rarrabe. Ƙwayoyin ƙurar suna haɗuwa suna mannewa, su zama tsakuwa, tsakuwa ta zama dutse, a hankali a hankali har a samu duniya guda. Duniyar nan in ta yi nauyi, sai ta riƙa share abin da ke kan hanyarta tana zagaya tauraron, ta bar layi mai duhu.

"Ita duniyar ba ma cika ganinta ba," in ji ta. "Ta yi ƙanƙanta, ba ta da haske sosai, ga ta a cikin ƙura. Hanyar muke kallo. Daga faɗin hanyar da yadda ta share muke lissafa nauyin abin da ya buɗe ta."

"Wannan har sai an je jami'a?" in ji Safara'u, tana kallona. "Tsakuwa babba, hanya babba." Amma ta zauna a bakin tabarmar, abin da ba ta yi ba duk satin. "Tambaye ta, ta taɓa kai hannu ta ciro?"

Muhsina ta ce a wasu 'yan taurari kaɗan an dace, an ɗauki hoton duniyar tana zaune a cikin hanyarta. A mafi yawa kuwa ba a gani ba tukuna. Kuma wani lokaci ana zaton ba duniya ce ta buɗe layin ba, wataƙila wurin ne sanyi ya kai inda ƙanƙara take kama ƙwayoyin ƙurar, sai yanayinsu ya canza.

Safara'u ta gyaɗa kai kamar an faɗi abin da ta daɗe da sani. "Haka ne. Wani faifan saƙarsa ce take da tudu. Sai ki ga hanya ta buɗe, ki kai hannu, ba komai. Sabuwar hannu ita ce take rantsuwa a kan kowace hanya." Ta tuna da wa take magana, ta yi sauri ta juyo gare ni. "Gaya mata kada ta ce tsakuwa sai ta tabbatar."

"Kawu, gaya mata aikin da za a koya mini ke nan. In rarrabe hanyar duniya da tudun saƙa." Ta share ido, ta ƙara da cewa masana suna ganin ita ma wannan duniyar tamu daga irin wannan ƙurar Allah ya tara ta.

"Ikon Allah," in ji Safara'u. Ta harare ni. "Shi ya sa gonar wani ba ta rabuwa da tsakuwa."

Na ji sanyi a raina, an dawo zagina. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara lissafin yadda zan ba da labari a majalisa in ce ni na shirya komai. Safara'u ta koma kan faifanta, ta ɗauka ta juya sau biyu, sai tari ya sarƙe ta. Ya daɗe bai sake ta ba, har ta dafa turmi. Muhsina ta kawo ruwa, ta karɓa ba ta dube ta ba. Da numfashinta ya dawo, ta ce a hankali:

"Duk da haka ban yarda ba."

Raina ya ɓaci, na manta da wasa. Na ce, "Haba Safara'u. Kin gani da idonki, aikin hankali ne, irin naki. Gobe ne fa jirgin nan. In maganar da na yi a majalisa ce, na tuba, ki yafe mini, kada ki huce a kan yarinya."

"Kai wa ya damu da bakinka?" Ta ajiye kofin. Muryarta ta yi ƙasa har sai da na matsa. "Khalilu, ni na riƙe wa Innata ƙwarya tana tofar da jini. Kai ma kana jin nawa ƙirjin kullum. Faifai kamu ɗaya ne ya yi mana haka. To wannan da ta ce ya fi duniya faɗi fa? A sa ta a jirgi a kai ta cikinsa, me zai rage a ƙirjinta?"

Ashe abin ke nan. Ta ji an ce ƙura a sama, ta ji an ce jirgi, ta haɗa. Kwana shida tana kwana da wannan a ranta, alkunya ta hana ta faɗa. A rayuwata ban taɓa samun abin tsokana mai kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin dariya ta yi mini nisa kamar ranar ba. Tausayinta ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita.

Muhsina ta rarrafa ta durƙusa a gabanta. Wannan karon ba ta bi ta kaina ba.

"Inna, ba can za ni ba. Ba mai iya zuwa can. Hasken da aka ɗauki hoton nan da shi ya fi shekara ɗari huɗu yana tafiya kafin ya iso, tun ba a haƙa rijiyar garin nan ba ya taso. Wasu manyan na'urori ne a kan dutse a wata ƙasa, masu kama da dish ɗin talabijin, suke kamo shi. Ni a ɗaki zan zauna da kwamfuta, kamar yadda muke zaune yanzu."

Safara'u ta dubi hoton, ta dubi sama inda hadari yake wucewa. Sannan ta dubi 'yarta a ido, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban mutum ba.

"Ba ta shiga hanci?"

"Ko ƙwaya ɗaya, Inna."

"Ba ta sa tari?"

"Ba ta sawa."

Ta daɗe tana murza bakin ɗankwalin nan a hannunta. Can ta ɗora tafinta a kan Muhsina, hannun duk garin gero, har ya bar shaida a kan mayafin.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya nuna miki tsakuwar da idonki." Ta janye hannun da sauri, ta juyo kaina. "Kai kuma me kake kallo? Tashi ka ɗauko mini muciya."

Ranar Asabar da safe Abdulmumini ya zo da mota. Maƙwabta suka fito rakiya, Safara'u ba ta fito ba, wai tana da wanki. Sai da aka sa jakunkuna a bayan mota ta leƙo zaure ta yafito ni, ta danƙa mini wani ɗan ƙulli a leda. Shuɗin ɗankwalin ne, an wanke shi, an ninke.

"Ka ba waccan."

Na ce, "Ba kin ji ta ce ba ta shiga hanci ba?"

"Na ji. Ta dai riƙe. Su ma masanan ai ta ce wani lokaci suna kai hannu su tarar ba komai."

Yanzu wata takwas ke nan. Safara'u tana nan tana hawa a-kori-kura, ta samu wani ɗankwalin kore da take ta ƙorafin bai kai wancan ba, tarinta kuma yana nan yana riga ta shigowa gari. Matan kasuwa sun daina yi mata barkar tsiya, don duk wadda ta taɓo maganar sai ta tsayar da ita ta yi mata bayanin yadda ake gane duniya a cikin ƙura, har aikin mutane ya tsaya.

Makon jiya Muhsina ta turo hoto a wayata. Tana zaune a ofis, ga faifan nan ja a kwamfutar bayanta, ga shuɗin ɗankwali ta ɗaura a wuya. Na tare Safara'u a bakin rumfa da ta sauko daga mota, fari fat kamar kullum, na miƙa mata. Ta goge hannu a zani kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, ba ta ce yarinyar ta yi kyau ba, ba ta ce ta rame ba. Na ga dai ta kai yatsa ta shafa girar da ke cikin hoton.

Ta miƙo mini wayar, ta gyara faifanta a hammata.

"Gaya mata a hanci ake ɗaurawa."